Murya Bakwai da Na Goge a Hanyar Gummi

Abin da na fita da shi ba shi da yawa: waya ɗaya, alkawari ɗaya, da amanar mutanen da na shekara goma sha biyar ina sayen wakensu. Wani ma'aikacin rediyo ne ya roƙe ni, tunda ina shiga ƙauyukan da su ba sa iya shiga, in naɗo masa muryoyin mutane su faɗi yadda suke rayuwa. Muka yi zai jira ni a Gummi.

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Anka, ni da abokin sana'ata. Motar ta cika, amma ba mai hira. Kowa idonsa na kan dajin da ke gefen titi. A Bukkuyum muka sha fura, na taya wake don kada a ce na zo banza, sannan muka hau babura zuwa wani ƙauye a yankin Zugu. Gero ya yi kyau, sai dai gonakin nesa da gari duk ciyawa ce.

A zauren wani malami na tara mutum bakwai. Na ja musu kunne cewa ban da suna, ban da sunan gari, domin masu daji, wato 'yan bindiga, ma suna jin rediyo. Duk suka ce sun ji.

Ta farko tsohuwa ce da kowa ke kira Inna. Ina danna wayar ta gyara lulluɓi, ta fara gaida ɗanta da ke Legas, da sunansa da na ubansa, ta gaida mai gari, ta ambaci unguwarsu. Na ce, "Inna, mun ce ban da suna." Ta ce, "Kai ɗan nan, a sa ni rediyo in ƙi gaida ɗiyana? Mi za su ce?" Daga nan ta faɗi inda suke binne hatsi don kada a kwashe. Sauran shidan ma haka. A wurinmu rediyo ta gaisuwa ce, ni ne na manta. Na ce ba komai, ma'aikacin zai yanke.

Da muka kamo hanyar fita, mai babur ɗina ya tsaya ya yi magana da wani mai itace. Ya juyo ya ce, "Alhaji, masu daji suna bakin rafi, kuma suna duba waya." Komawa ba ta yiwuwa, an riga an ga wucewarmu. Na tsuguna kamar mai fitsari, na goge muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta Inna ce ta ƙarshe.

A bakin rafin muka same su, su biyu ne, da bindigogi. Ɗaya ya karɓi wayar ya yi ta kunna saƙonnin murya. Ba abin da ya ji sai dillalai suna gardamar farashin wake. Ya miƙo mini ya ce mu wuce.

A Gummi na gaya wa ma'aikacin abin da ya faru. Ya ajiye na'urarsa ta naɗar murya a gabana ya ce, "To kai ka faɗa." Na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa, "Ina gaida..." Ya ɗaga hannu, muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ba da labarinsu ba suna, ba gari, ba maganar ramin hatsi.

Washegari na iso gida lafiya. Na yi asarar murya bakwai, kuma tawa da aka sani a kowace kasuwa ta fita a rediyo, don haka bana ba zan sake bin hanyar can ba. Amma gida bakwai suna nan, hatsinsu na inda suka binne shi. Gaisuwar Inna kuwa na nemi lambar ɗanta, na kira shi na isar da ita da bakina.