Dutsen da Aka Yi wa Keji

Wani maƙwabcina a Takoma Park, kusa da Washington ta Amurka inda nake karatu, Bature malamin makaranta, shi ya ja ni cikin masu gudun daji. Kowace Asabar da safe mu kusan ashirin muke bin sawu cikin itatuwa, sawun kuma da garin fulawa ake yinsa. Abinci fa, an zuba a ƙasa ɗigo-ɗigo, ƙatti suna takawa. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata mini rai, ga shi kuma kullum ni ne na ƙarshe.

Ban daina zuwa ba, don zaman ɗaki ya fi gudun nan wahala. Ana cikin haka wasiƙar ƙanena ta iso daga gida. Mai gonar da ke jikin tamu ya tumɓuke duwatsun iyakar da babanmu ya kafa kafin rasuwarsa, ya matso da su cikin tamu. An je gaban mai unguwa, ya ce sai babban ɗa ya zo ya nuna inda suke tun farko. Babban ɗan kuwa ni ne, ina nan jarrabawa ta riƙe ni.

Wata Asabar sawun ya fito da mu bakin daji, sai na ga wani dutse a tsaye, bai wuce gwiwata ba, an kewaye shi da ƙarfe, rubutun jikinsa ya kusa gogewa. Na ɗauka kabari ne. Abokan gudu suna ta wucewa, har wani ya ɗora ƙafa kan ƙarfen yana ɗaure takalmi. Haushi ya kama ni. Na tsaya ina haki, na ɗaga hannu na yi wa mamacin addu'a.

Maƙwabcina ya dawo nemana. Da ya ji abin da nake yi, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba kowa a ƙarƙashi, dutsen iyakar birnin Washington ne. Tun da aka yanka filin birnin, kusan shekara ɗari biyu, aka kafa su, kowane mil dutse guda. Wasu sun ɓace, shi ya sa aka yi wa sauran keji.

Na ce, "Yi gaba, zan biyo ka."

Na riƙe ƙarfen ina ƙoƙarin tuno namu. Ina wurin ranar da babanmu ya kafa su. Na farkon gaban tsamiya yake ko bayanta? Na rufe ido, na juya gonar ta kowane ɓangare, na kasa. Ashe ko na je, ba abin da zan nuna wa mai unguwa.

Da yamma na rubuta wa ƙanena cewa jarrabawa ce ta hana ni zuwa.