Zaman Baba a Ƙofar Shagona

Shekarar da muka ɗauko Baba daga Kazage, ni na fi kowa matsa masa. Gonarsa tana bakin daji, dajin kuma ya daina shiguwa, kullum sai ka ji an tare wani a hanya. Na ce ya dawo cikin gari wurina ya huta, noman da ya yi ya isa. Ya yi ta ja, sai da aka kore shanun maƙwabcinsa sannan ya yarda. Ya iso da buhun dawa biyu da wata tsohuwar buta.

Ina da shagon kayan shayi a bakin kasuwa, sai na sa kafinta ya buga masa benci a inuwar ƙofa. Mutum ne da tun tasowata ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a gida ba. Kunu zai sha ya kama hanyar gona a ƙafa, ya dawo ya ci tuwon dawa da miyar kuka, ko kwaɗon rama da tafasa irin wanda marigayiya Inna ke yi. Jikinsa kamar icen ƙirya. Yanzu ga shi a zaune tun hantsi har la'asar. Ni kuwa abin da ke shagona da shi na iya nuna masa ƙauna. Da safe shayi mai kauri, madara da sukari ba awo, ga burodi. Da rana in buɗe masa lemon kwalba mai sanyi, wani lokaci biyu. Da yamma in karɓo masa tsire mai kitse. Kumatunsa suka ciko, mutane na cewa hutu ya karɓi Baba, ni kuma ina jin daɗi.

Shi dai bai taɓa natsuwa a bencin nan ba. Ƙafarsa kullum tana karkaɗawa. In hadari ya haɗo ta wajen dajin Kamuku sai ya miƙe ya tsaya yana kallo, ya zauna, ya sake miƙewa.

A damina ta biyu maiɗakina ta ce mini, "Ka lura da ruwan da Baba ke sha kuwa? Randa guda ba ta yi masa. Ga ciwon yatsar ƙafarsa ya ƙi warkewa." Na lura, na dai yi ta ce wa kaina zafi ne. Sai da ya fara ramewa, yana cewa yana ganin hazo, sannan na kai shi asibiti.

Likitar ta huda masa yatsa, ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta daɗe tana kallon takarda. Ta ce, "Baba, me kake ci kullum?" Ni na karɓe amsar, na fara lissafa mata da alfahari. Ban kai ƙarshe ba muryata ta yi ƙasa. Ta ce yana da ciwon suga, jininsa ma ya hau. Ta ce akwai gado a ciki, akwai shekaru, amma zaman da abincin sun ƙara wa abin wuta. Ta rubuta magani, ta hana lemo, ta ce a rage sukari da gishiri da mai, a yawaita ganye da wake, kuma ya riƙa tafiya kowace rana.

Abincin bai ba mu wahala ba, don dama shi ya saba ci. Tafiyar ce ta gagara.

"Tafiya zuwa ina?" in ji shi.

"Ko'ina, Baba. Ka zaga unguwa ka dawo."

"Da gemuna in riƙa zaga gari hannu rabbana, ba saye ba sayarwa? A ce tsohon nan ya taɓu? Kai ka je."

Na yi lallashi, na kai ƙara wurin ƙanensa, duk a banza. Kwanakin nan ban iya zama wuri ɗaya ba. In buɗe shago in rufe, in koma gida in duba ƙafar, in dawo in tarar na manta abin da na fito yi. In na kalli akwatunan lemon sai in ji kamar ni na ɗora masa ciwon da hannuna.

Wani abokin cinikina ne ya ji labari ya ce yana da fili a bayan gari, kusa da fadama, inda har yanzu ake zuwa ba fargaba. Ya ce ciyawa ce kawai ke cinsa, in Baba na so ya je ya noma. Da na faɗa wa Baba, tambaya ɗaya ya yi: "Ƙasar ja ce ko baƙa?" Washegari ya riga ni fita. Ya shuka kuɓewa da alayyahu da wake, ya kafa zogale a gefe. Yatsar ta warke a hankali. Ciwon bai tafi ba, har yau yana shan magani, wata rana awon ya yi kyau, wata rana likita ta yi faɗa.

A wani zuwan ne ta dube ni ta ce in miƙo nawa dantsen. Na yi dariya na miƙa. Nawa jinin ma ya fara hawa, ga tumbi, ga shekara arba'in da 'yan kai. Na yi alkawarin ajiye mashin in riƙa zuwa shago a ƙafa. Nakan yi kwana uku, rana ta huɗu in ce na makara.

Shekaranjiya wani abokina ya zo sayen katan ɗin lemo, ya ce na tsohuwarsa ne, ba ta iya cin abinci sai da shi. Na riƙe katan ɗin na ba shi labarin Baba tun daga farko. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai mai shago ne ko likita?" Na ce ya dai kai ta a auna. Ya ce to, in Allah ya yarda. Na ɗora masa katan ɗin a bayan mashin, na taya shi ɗaurewa.