Ƙwayar Waken da Ta Rage a Aljihun Stamen

Duk wanda ya ce giya ce ta kashe Stamen Vuchkov ƙarya yake, kuma ya san ƙarya yake. Shekara sittin da huɗu ya yi a garinmu Samokov, talatin da ɗaya daga ciki yana hawa da mutane kan duwatsun Rila lokacin sanyi yana saukowa da su, ba a taɓa cewa ga wanda ya baro a sama ba. Yana shan rakiya, giyar ƙasarmu, wa ba ya sha? Amma sai ya sauko, ya cire takalmi, ya jingina da murhu. A kan dutse shayi kaɗai ke shiga cikinsa. Rayko direba, wanda suka zauna benci ɗaya tun firamare, zai dafa Linjila a kan haka.

Gajere ne mai manyan kunnuwa, ɗan manomin dankali. Ya yi yankan katako a daji har gwiwarsa ta fara ƙara, sannan ya koma jagora. Ya auri Ginka mai sayar da tikiti a tashar mota, suka haifi 'ya ɗaya da ke aure a Sifen. Ba shi da yawan magana, sai ƙunƙuni. In yaro ya gaji a hanya sai ya zage shi ƙasa-ƙasa, sannan ya saɓa shi a wuya har masaukin da ke kan dutse.

Ba ya ƙirga mutane da takarda. Farin wake yake zubawa a aljihun dama na rigar sanyinsa, ƙwaya ɗaya mutum ɗaya, dabarar kakansa makiyayin tumaki. Da yamma sai ya tsaya a bakin kujerun da ke sauko da mutane a kan waya, duk wanda ya zauna, ƙwaya ɗaya ta koma aljihun hagu. Sai dama ta zama wayam yake hawa kujerar ƙarshe.

"Tsoho, tumakinka nawa yau?" haka Rayko ke tarbarsa kullum da safe a bakin mota.

"Ashirin da biyu. Da kai ashirin da uku, kai ne ragon."

"Ragon da ke jan ka zuwa aiki."

"Ja mu, ka daina kuka."

Da mai kamfanin yawon da suke wa aiki ya rasu, ɗansa Kiro ya dawo daga waje da Turanci a baki da tabarau a goshi. Abu na farko da ya yi, ya sallami jagora na biyu, wanda ke tsare bayan ayari. Na biyu, ya tattara oba-oba ya kulle a kabad, ya ce zamani ya wuce su, komai ta wayar hannu za a yi. Stamen ya ce masa daga masauki zuwa sama ko tsuntsu ba ya samun waya. Kiro ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane ya ce, "Kawu Stamen, kai dai riƙe wakenka."

Baƙin ma suka canza. Da 'yan makaranta ne da ma'aikatan masaƙa, yanzu sai Turawan yamma da ake ɗebowa daga Sofiya ƙarfe bakwai na safe, a ɗaura musu takalmi mai faɗi kamar faifai su taka dusar ƙanƙara zuwa daskararren tafki, su ci miyar wake a masauki, su yi zamiya a katako, a mai da su kafin duhu. Sanyin farko an sha dariya. Tonka mai girki a masauki ta nuna musu ludayi, su girgiza kai hagu da dama, ita kuwa ta yi ta ƙara musu miya, tunda duk ɗan halak a ƙasarmu in ya girgiza kai e yake nufi, in ya gyaɗa sama da ƙasa a'a ne.

"An ɗaura musu kai a baibai," in ji Stamen.

Ya koya, kada wani ya ce bai koya ba. Yakan ɗan tsaya ya juya abin a ransa, kamar mai karanta rubutu a madubi, sannan ya gane.

Ranar Asabar ce, cikin Fabrairu, baƙi goma sha takwas. Rayko ya sauke su a gindin kujerun waya, ya koma mota ya kunna rediyo. Wajen ƙarfe uku ya ga saman dutse ya rufe, iska ta fara kaɗa itatuwa. Kafin huɗu baƙi suka sauko suna rawar ɗari. Ya ƙirga, goma sha bakwai. Ya sake ƙirgawa. Kujerun suka tsaya cak, ba Stamen.

Ya kira Kiro.

"Kawu Rayko, kada ka tsufa da wuri. Ɗaya ta sauko tun tsakar rana, ta gurɗe ƙafa wajen zamiya, ta kira ofis na tura mata tasi."

"Stamen ya sani?"

"Na aika masa saƙo."

"Saƙo? Wace waya ke kamawa a can?"

"To ai ba yaro ba ne. Yana wajen Tonka yana ɗumama ciki, kai ma ka san abokinka. Ja mota, mutane na daskarewa."

Rayko ya ja mota. Wannan ita ce ƙayar da ke maƙale a wuyansa har gobe. Sai da ya kai Sofiya ya samu layin masauki, Tonka ta ce ai Stamen bai dawo wajenta ba. Masu ceto ba su iya hawa ba sai da iska ta lafa. Washegari da hantsi suka same shi a ƙasan tafkin, zaune, ya jingina da dutse, usur ɗinsa a baki.

Rayko ne ya karɓo kayansa daga asibiti. A cikin mota ya zazzage aljihun rigar. Hagu, goma sha bakwai. Dama, ƙwaya ɗaya.

Kafin a binne shi Kiro ya riga ya yi magana da 'yan sanda da ɗan jarida. Wai ma'aikaci ya bar baƙi ba da izini ba, wai ana zaton ya ɗan kurɓa. Likita bai samu ko ɗigon giya a jininsa ba, amma takardar likita tana cikin durowa, maganar Kiro kuwa tana kasuwa. Abin da ya fi ciwo shi ne bayanin wata Marit 'yar Holan, ƙawar matar da ta gurɗe ƙafa. An rubuta ƙarara: jagora ya tambaye ta ko ƙawarta tana sama, ta ce masa a'a, duk da haka ya hau.

Daga nan bakin gari ya buɗe. Waɗanda Stamen ya goya 'ya'yansu a wuya su ne ke cewa a shagon burodi, in ba giya ba to ruɗewar tsufa ce. Rayko ya kusa fasa wa wani kwalba a ka. Ginka ta daina fita. Ranar da ya kai mata itacen murhu ya tarar da ita zaune da rigar a cinya.

"An ce masa a'a, Rayko. Me ya kai shi?"

"Akwai ƙwaya ɗaya a dama, kin gani da idonki."

"Na gani. Amma an ce masa a'a." Ta shafa wuyan rigar. "Tun da yaron nan ya fara wulaƙanta shi ba ya barci sosai. Ka gaya mini gaskiya, kai ne abokinsa. Ko dai ya gaji da mu ne? Ko da gangan ya hau ya zauna?"

Rayko ya miƙe tsaye. Ya yi rantsuwa, ya daki tebur, ya zagi Kiro da kakanninsa, amma bai amsa mata ba, don shi kansa tambayar tana cinsa. Kwana arba'in yana jan motar Kiro da haƙora a cije, kawai don kada wani ya zauna a kujerar gaba ya ce ai Stamen mashayi ne ba wanda zai tanka.

Ranar arba'in aka taru a maƙabarta. Limamin coci ya yi addu'a, aka zuba ruwan inabi a kan kabari, Ginka tana rabon dafaffiyar alkama da sukari. Sai ga wata doguwar mace da jar hula ta tsaya can nesa da furanni a hannu. Rayko ya gane ta. Ya nufe ta kamar zai ture ta.

"Me kika zo yi? Yau ba a zamiya."

Wata biyar ta yi tana koyarwa a Sofiya, harshenmu a bakinta guntu-guntu ne. Ta ce ita ce Marit. Ta ce ba ta barci. Ta ce tana so ta ga matarsa.

Ginka ta matso da kwanon alkama a hannu. "Bar ta, Rayko. Yarinya, ke ce ya yi wa magana ta ƙarshe. Gaya mini yadda fuskarsa take."

"Tsoro," in ji Marit. "Yana taɓa aljihu, yana taɓawa. Iska da yawa. Ya riƙe hannuna, ya nuna sama, wajen tafki. Ya ce, ƙawa? Sama? Da safe ƙawata ta tsaya can, hoto, hoto, ya yi mata faɗa. Ni na ce a'a. Sau biyu na ce a'a."

Tana faɗa tana girgiza kai hagu da dama.

Rayko ya matso kusa da ita. "Da baki kika faɗa?"

"Baki a rufe. Mayafi har nan." Ta nuna hancinta. "Ba ya ji, iska. Na yi haka." Ta sake girgiza kai. "Sai ya sa ni a kujera, ya juya."

Tonka mai girki ta rufe bakinta da tafin hannu. Marit ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan wata tsohuwa da aka miƙa wa alkama tana girgiza kai tana karɓa. Furannin suka zube daga hannunta.

Stamen ya san bambancin. Amma mutum yana tsaye cikin iska, ƙwaya ɗaya a aljihu, kujerun waya saura minti goma su tsaya, ba na biyu da zai tambaya, ba oba-oba, ina lokacin karatu a madubi? A irin wannan lokaci da kan uwarsa mutum yake ji.

Ginka ta zauna a bencin kabarin maƙwabta. Kafaɗunta suka fara rawa, ba a san dariya ba ce ko kuka.

"Jaki," ta ce. "Tsohon jakina. Nema ya tafi." Ta goge ido da bayan hannu, ta ɗebi alkama a cokali ta miƙa wa Marit, wadda ta durƙusa tana ba da haƙuri da harshe biyu. "Tashi, 'yata, kanki ne, haka aka haife ki da shi. Ci. Ki ce Allah ya gafarta masa. Haka ake cewa."

Ta ci, ta faɗa. Ranar Litinin ta sake hawo mota daga Sofiya, Rayko ya raka ta ofishin 'yan sanda, ta sa aka ƙara layi biyu a bayaninta.

Daga can ya wuce wajen mai buga takardun rasuwa, irin waɗanda muke mannawa a ƙofar gida da jikin itatuwa. An riga an manna na arba'in, da 'yar waƙar da ake sa wa kowa. Ya sa aka buga sababbi guda hamsin, hoton Stamen da hularsa ta ulu, a ƙasa layi ɗaya da Ginka ta zaɓa: Ya koma neman mutum ɗaya.

Ya manna a tasha, a shagon burodi, a gindin kujerun waya. Ta ƙarshe ya kai ofishin Kiro, ya shafa gam a ƙofar gilashi, ya liƙa ta a kan hoton Turawa masu dariya cikin dusar ƙanƙara. Kiro ya fito da kofin kofi.

"Kawu Rayko, me ye haka? Baƙi na shigowa ta nan."

"Shi ya sa."

"Na ji labarin. Abin tausayi ne, amma ka ga ai ba laifina ba ne. Rashin fahimta ce tsakaninsa da yarinyar. Da ya iya Turanci…"

"Da akwai oba-oba a ƙirjinsa, kalma uku za ka faɗa. Ta riga ta sauko. Da akwai na biyu a bayan ayari, da ya ga fitarta. Ubanka ya san haka, shi da bai iya ko gaisuwa da Turanci ba. Ka kashe shi da kabad, sannan ka zuba masa giya a baki yana kwance. Taɓa takardar nan ka gani. Guda nawa ka cire, sau biyunsu zan manna."

Kiro ya dubi titi, mutane sun fara tsayawa. Ya rage murya. "Za a fito da oba-oba ɗin. Dama ina da niyya. Gobe akwai mutum ashirin, za ka fito da mota, ko?"

Rayko ya ɗaga kai sama ya sauke, sau ɗaya. Kiro bai sake tambaya ba. Duk Turancinsa, a Samokov uwarsa ta haife shi.

Ginka ta koma zuwa kasuwa. Waken goma sha bakwai ta zuba a tukunya tare da sauran, ta ce Stamen ba ya son ɓarna. Ɗayan ta ba Rayko. Yana aljihunsa na dama. Ya ce ya sha sa hannu zai mai da shi hagu, tunda matar ta sauko lafiya tun tsakar rana, amma ba aikinsa ba ne, mai ƙirgar bai dawo ba.