Ranar Kai Tuwo

Ku ara mini kunnuwanku, jikokina. Ga ta nan tafe, amma ba ta Gizo ba ce, tawa ce.

Mu huɗu muke aiki a madafar wata Hajiya a unguwar Misfala, can ƙasa mai tsarki, muna yi wa alhazan ƙasarmu tuwo da miyar kuka. Al'adar gidan, kowa da ranarta ta kai abinci masaukin alhazai. Ranar nan ita ce sallarmu. A can ake ce maka sannu da aiki, a ba ka goro, a sa maka albarka. Ni kuwa da biyu nake zuwa. Lambar wayar yayata da ke gida ta daɗe da daina shiga, sai in bi ɗaki ɗaki ina tambaya ko akwai ɗan garinmu.

Sai aka tsananta binciken takardu a hanya. A cikinmu mutum ɗaya ce mai igama, wato takardar izinin zama, wata doguwa haifaffiyar unguwar Hindawiyya. Hajiya ta tara mu ta ce, "Kalas, magana ta ƙare, daga yau ita kaɗai za ta riƙa fita." Gaskiya ta faɗa, amma gaskiya ba ta sanyaya ƙirji.

Kullum da azahar sai doguwar ta zura abaya ta fice, mu muna bakin tukunya, gumi har gadon baya. Ta dawo tana ƙamshin turaren mutane, bakinta ja da goro.

"'Yar takarda ta dawo," in ji mai miya. "Sun yaba miyarki?"

"Wallahi na ce musu ku kuka dafa."

"Sai suka sa wa bango albarka, ko?"

Daga nan aiki ya mutu a tsaye. Waƙar da muke yi wajen tuƙi ta ɗauke. Mai miya ta daina ɗanɗanawa. Mai wanke-wanke kullum ciwon kai. Ni da ake yabon tuƙina, na bar gudaji a tuwo, na ce wadda ake gode wa ta zo ta murje. Kwanuka suka fara dawowa da abinci a ciki. Har gaisuwa na janye wa doguwar.

Wata rana ta shigo da sauri, ta tsuguna kusa da ni. "Yaya, ina da magana."

"Kai wa alhazanki."

Ta buɗe baki, na hau dukan tukunya da muciya har muryarta ta ɓace. Na ɗauki mayafina na tafi gida.

Washegari ta ajiye ƙunshin daddawa a gabana. Ɗaurin bakinsa kawai na gani na san hannun yayata ne.

"Wata tsohuwa ce cikin alhazai ta kawo, maƙwabciyar yayarki," in ji ta. "Jiya ta ce a kawo ki, Hajiya ma ta yarda in raka ki. Da safen nan motarsu ta tashi zuwa Jidda, za su koma gida."

"Me ta ce game da yayata?"

"Ta ce maganar sai ta gan ki."

Alhazai suka koma wata madafar, Hajiya ta rufe tata. Mai miya tana sayar da abinci a Hindawiyya. Mai wanke-wanke an kama ta, an mayar da ita gida. Doguwa ta sami aiki a babban otal, duk sallah takan zo gaishe ni, ina kuma amsawa. Amma in na dube ta, abu ɗaya ke cina: ita ta zauna da wadda ta ga yayata. Daddawar tana cikin akwatina, ban kwance ba.