Ranar da Goggo Ta Sha Rawanin Dagaci

Har gobe ban manta da ranar da na ɗaura wa injin mota rawani ba. Ku bar dariya ku ji, musamman kai Sani, sabon direbanmu, da kake kallon tsohuwar mota kamar kwandon shara don an ba ka mai maɓalli.

A shekarun farko da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina babban direba a sashen lafiya na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Daura. Motar da ke hannuna tsohuwar jif ce mai shan dizal, muna ce mata Goggo, don ta girmi rabin ma'aikatan ofis, kuma ba ta tashi da safe sai an lallashe ta. Amma fa in hanya ta ƙare, nan ake sanin Goggo. Kafin ka shiga yashi sai ka sauka ka murɗa hob ɗin tayoyin gaba da hannu, ka rage musu iska kaɗan, sannan ka sa ƙaramar giyar nan da muke ce wa ogzilari, mai sa tayoyi huɗun su ja tare. In ka yi mata haka, wallahi ko gangaren rijiya za ta hau da kai.

Ƙa'idar aikinmu ita ce direba ba ya sayen kayan gyara da kansa. Za ka kai rahoto wurin jami'in sufuri, in ya amince sai ka je wurin mai kaya. Na kai rahoton fanbel ɗin Goggo ya fara tsagewa, aka amince, na tafi shagon Chinedu a Daura. Fanbel, ga wanda bai sani ba, shi ne robar da ke juya fanka da famfon ruwa don kada inji ya yi zafi. Chinedu kuwa yana jin Hausa kamar jakin Kano. Lokacin da 'yan uwansa da yawa suka tattara suka koma kudu don fargabar rikici kan shari'ar, shi cewa ya yi, “In na tafi wa zai duba Goggo?” Ranar ya ce mini, “Malam Idi, irin nata ya ƙare a kasuwa, na aika Kano. Ka lallaɓa ta.”

To, aikin asibiti ba ya jiran kayan Kano. Wata Alhamis a tsakiyar marka na ɗauki Sista Rabi, babbar unguwarzomarmu, zuwa awon ciki a wani ƙauye bayan garin Babban Mutum, can wajen iyaka. Ba mu gama sauke kaya ba wani magidanci mai suna Ɗanladi ya zo a guje, ya ce matarsa Hanne tana kan gwiwa tun shekaranjiya. Sista ta shiga ɗakin, ta fito fuskarta ta canja. Ta ce, “Malam Idi, yaron a gicciye yake. In ba a yi mata aiki a Daura yau ba, za mu rasa su duka biyu. Tada mota.”

Muna shirin tashi sai ga dagacin garin, Dagaci Mamman, dattijo mai fara'a, ya sha babbar riga da farin rawani. Hakimi ya kira taron dagatai kan shirin tattara zakkar hatsi in kaka ta yi, babur ɗin da zai kai shi kuma bai zo ba. Ya ce in rage masa hanya zuwa bakin kwalta. Sista ta ɗaura zane tsakanin gaba da baya, ita da Hanne a baya, mu maza uku a gaba, muka kama hanya.

Akwai wani kwari a hanyar da ruwan daren jiya ya cika da yashi. Na sauka na murɗa hob, na sa ogzilari, na ce bismillahi. Sirrin yashi shi ne kada ka tsaya, kada ka canja giya, kada kuma ka taka totur kamar kana faɗa da mota. Goggo ta shiga tana gurnani, tana rangaji, ta fito ɗaya gefen. Dagaci ya ce, “Kai, tsohuwar nan da sauranta!” Bai rufe baki ba na ji fat! Allurar zafi ta fara hawa. Na kashe inji, na buɗe bonet, sai ga fanbel ya zama tsumma.

Jama'a, gabana ya faɗi. Babu gida kusa, babu babur, wayar salula kuwa lokacin ba ta iso dajin nan ba. In na tuƙa haka, inji zai ƙone kafin mu yi nisa. Igiyar jan motarmu sarƙa ce, ba ta shiga fuli, wato faifan ƙarfen da fanbel ke zagayawa a kai. Daga bayan zane ina jin nishin Hanne yana raguwa, Sista tana ce mata, “Yi salati, ƙanwata, kada ki yi barci.”

Na zare zariyar wandona, ina riƙe da wando da hannu ɗaya, na ɗaura ta a fuli. Na haɗa da ta Ɗanladi. Muka ɗan taɓa tafiya kaɗan suka tsinke. Hijabin Sista na roba ne mai santsi, zanen labulen kuma ya tsufa, ina ja yana yagewa. Sista ta leƙo ta ce, “Malam Idi, jini ya fara zuwa.” Ban taɓa jin na tsani hannuwana ba sai ranar.

Ina cikin haka sai na ji Ɗanladi ya ce, “Innalillahi! Ranka ya daɗe, me kake yi?” Na ɗaga kai, sai na ga Dagaci yana warware rawaninsa.

Ku yaran yanzu ba lalle ku gane nauyin abin ba. Mai sarauta ba ya warware rawani a gaban talakawansa, kuma ba ya zuwa gaban hakimi da hula zalla. Ranar da aka ga haka, to an tuɓe shi ne. Shi kuma Dagaci Mamman yana da wani ɗan baffa da ya daɗe yana harin kujerar, kowa ya sani. Ɗanladi, da matarsa ke kwance rai a hannun Allah, shi ne ya durƙusa a cikin laka yana roƙo, “Ranka ya daɗe, ka rufa mana asiri. Kada a ce a kaina aka warware maka rawani.”

Dagaci ya ce, “Tashi, Ɗanladi. Don su Hanne aka naɗa mini shi. In ta mutu a nan, wa zan yi wa sarautar, bishiyar kuka?” Ya miƙo mini ya ce, “Direba, yaga.”

Na karɓa na yaga. Yadi ne mai kyau, auduga zalla, ga tsawo. Na tsaga shi sili-sili, muka tufka kamar igiya, na jiƙa da ruwan jarka don ya kama. Na ɗaura shi a fulin ƙasa da na famfon ruwa kawai, na bar na cajin batir, don dizal in ya tashi ba ya neman wuta. Na tada Goggo, fanka ta juya, allura ta tsaya wuri ɗaya. Na ce, “Goggo, yau kin sha naɗi, sai ki nuna hali irin na manya.”

A hankali muka riƙa tafiya, ido ɗaya a hanya, ɗaya a allura. Da ya tsinke sai in sauka in ɗaura wani. Dagaci kuwa ya tattare hannun babbar riga, ya ɗora yadi a cinya yana murzawa, yana tufka mini na gaba. Ya ce tun yana kiwon awakin mahaifiyarsa rabonsa da tufka. Da muka iso bakin kwalta na tsaya in sauke shi, ya ce, “In na sauka wa zai tufka maka? Taka mu tafi, hakimi zai ji bayani.”

Bayan azahar muka shiga asibitin Daura. Aka wuce da Hanne ɗakin tiyata, mu kuma muka zauna gindin dalbejiya, ni da Ɗanladi kowa riƙe da wandonsa, Dagaci da 'yar hularsa. Kafin la'asar Sista Rabi ta fito tana share hawaye tana dariya. Ta ce, “Namiji ne, kuma uwar tana numfashi.” Ɗanladi ya kifa kai a gwiwar Dagaci ya yi ta kuka. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da Ɗanladi ya ji tsoro kuwa sai da ya faru. Wani ya ga Dagaci a Daura ba rawani, ga shi bai je taro ba, kafin magariba labari ya kai ƙauye cewa an tuɓe shi. An ce har an fara guɗa a gidan ɗan baffan nan. Washegari fanbel ya iso daga Kano. Chinedu ya leƙa inji ya ga tufkar, ya riƙe baki ya ce, “Malam Idi, wannan wane kamfani ne ya yi shi? Ya fi nawa ƙarko.” Na ce ya bari tukuna kada ya cire, da sauran aiki.

Na ɗauki Dagaci da sabon fanbel a aljihuna, muka lallaɓa har ƙofar gidan hakimi. Ban iya dogon bayani ba, na faɗi na yi gaisuwa, na ce, “Allah ya ja zamaninka, a zo a ga inda rawanin yake.” Na buɗe bonet. Hakimi ya daɗe yana kallon tsumman nan da ya yi baƙi da mai. Sai ya aika cikin gida aka kawo sabon rawani, ya naɗa wa Dagaci Mamman da hannunsa, nan gefen Goggo. Yaron an sa masa Muhammadu, sunan Dagaci, amma duk ƙauyen Ɗan Goggo suke ce masa.

Dagaci ya rasu, Allah ya jiƙansa. Goggo ma an yi gwanjonta, ranar ban ci abinci ba. Abin da na koya shi ne, tsohuwar mota tana faɗa maka ciwonta tun da wuri, sai dai in ba ka saurara ba. Kuma direban daji ba ya isa shi kaɗai, mutanen da ya ɗauko su ne kayan gyaransa na ƙarshe, don haka kada ka raina wanda ka rage wa hanya.

Ungo, Sani, ga makullin motar da aka ba ka, ga kuma wannan baƙin tsumman da na cire daga akwatin sifanuna na gyaran mota. Ragowar rawanin ne, ka ajiye shi a naka. Ka duba fanbel kullum kafin ka tada mota. In kuma ya tsinke maka a daji da rai a bayanka, Allah ya haɗa ka da mai rawani irin Dagaci Mamman.