Sojojin da Ke Jinin Na'Allah

A layin 'yan hatsi na kasuwar Sakkwato babu wanda bai san cikin gwiwar hannun Na'Allah ba. Ka je sayen gero, kafin ya auna maka sai ya naɗe hannun riga ya dangwala yatsa a inda allura ta taɓa shiga. Babu tabo, babu komai, fata ce irin ta kowa, har da ƙurar dusa. Amma dole ka duba, dole kuma ka ji labarin, ko da tukunyarka na kan wuta.

Asalinsa ɗan manoma ne. Shi da wansa Tukur suka shigo birni suka kama ɗaki a Runjin Sambo, suka fara awon gero da dawa. Tukur ne mai ɗaukar buhu da shiga ƙauyuka, Na'Allah kuwa baki ne nasa. Shekarar da aka gama yaƙin basasa, da bazara, sanƙarau ya faɗo wa gari. Tukur ya kwanta da zazzaɓi, wuyansa ya sanƙare, kafin a yi wani abu rai ya yi halinsa. Ɗaki ɗaya suke kwana, moɗa ɗaya suke shan ruwa, amma Na'Allah ko ciwon kai bai yi ba. A lokacin abin da ya ce shi ne Allah ya kiyaye, kamar yadda duk mai hankali zai ce. Da ya tsaya a nan da ba ni da labarin ba ku.

Bayan 'yan shekaru kuɗin fetur suka shigo, soja na mulki, gwamnati na neman inda za ta zuba arziki. Sai ga wasu likitoci masu bincike daga wata jami'a sun iso cikin Landiroba. Suka sa mai unguwa ya tara musu mutanen da cutar ta shiga gidajensu amma ta tsallake su, suka riƙa ɗibar jini a 'yan kwalabe. Cikinsu akwai wani matashi, Likita Haruna, mai yawan kirki, kuma kirkin nasa ne ya jawo mana. Da ya ga Na'Allah yana ta leƙe, sai ya kira shi ya sa ido a madubin likita.

"Wannan jininka ne, Malam," in ji likitan. "Ka ga 'yan tsirarun nan da muka rina suka yi shuɗi? Su ne fararen ƙwayoyin jini, su ne sojojin jiki. In cuta ta shigo su ke tarar ta, kuma wadda suka taɓa gamuwa da ita ba sa mance ta. Wataƙila naka sun taɓa haɗuwa da wannan a ɓoye tun kana yaro. Abin da muke so mu gane, me ya sa 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya faɗi ɗaya ya tsaya. Muna zaton abin da jiki ya sha a baya, yunwa ko wani ciwo, yana sauya yadda ƙwayoyin ke aiki. Amma fa ba gado ba ne. Abin da jikinka ya koya naka ne kai kaɗai. In rigakafi ya zo, ka kai 'ya'yanka."

Duk wannan dogon bayani, abin da Na'Allah ya tsinta ya sa aljihu shi ne akwai soja a jininsa. Sauran ya bar wa likita kayansa. Masu binciken suka ba kowa sandar sabulu, suka ce za su dawo da sakamako, suka tada mota. Har yau muna jiransu. Su ma ban ga abin yabo a wurinsu ba: sun sami abin da suka zo nema, ba su sake waiwayar unguwar ba.

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Mutumin da bai taɓa yin abin a zo a gani ba, yau ga shi da abin tinƙaho wanda bai yi wa gumi ba. Kafin sati ya zagayo kwalba ɗaya ta zama bakwai. Kafin damina, jinin ya isa Ingila, Turawa na ta taro a kansa. Ya sayi Besfa, ya koyi tafiya da ƙirji a gaba, yana gaida sojan da ke bakin bariki kamar abokin aiki. Ya kuma zauna ya gina wa kansa hujja, irin wadda ke shiga kunnen mutanenmu. Ɗan maƙeri yana riƙe jan ƙarfe bai ƙone ba. Ɗan Sarkawa yana shiga ruwa kada bai taɓa shi ba. Kowane gida da abin da ya gada. To shi gidansa sanƙarau ne ba ya kama su, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Matarsa Bara'atu mace ce mai kawaici, tana jin wannan surutu safe da yamma ba ta tankawa. 'Yarsu Jamilatu na da shekara huɗu a lokacin, yarinya mai ɗan karen surutu, ta gaji ubanta a nan kam. Ita ce ke tarar sa a zaure tana kwaikwayon ƙarar Besfa. Yana son ta, wannan ba zan hana shi ba.

Da wata bazara cutar ta sake leƙowa. Wannan karon sai ga mota da lasifika tana zagaya unguwanni, ana cewa a fito da yara makarantar firamare a yi musu allurar rigakafi, irin ta bindiga. Matan Runjin Sambo suka fito da goyo da na ja da hannu. Bara'atu ta yafa mayafi, ta kama hannun Jamilatu, ta tsaya neman izini.

"Malam, za ni kai yarinyar ga a yi mata allura."

"Wace yarinya?" ya ce. "Ɗiyata? A jera ta layi awa ɗiyan kowa? Mi za ni ce ma mutane kasuwa? Ni da anka ɗauki jinina anka kai Ingila!"

"To shi Yaya Tukur hwa?" ta ce a hankali. "Ba uwa ɗaya uba ɗaya kuke ba? Ina nashi sojan ya tahi?"

Wannan tambaya ko jaki aka yi wa sai ya tsaya ya kaɗa kunne. Na'Allah kuwa sai ya murtuke fuska.

"Tukur dangin uwa yab biyo. Ke dai na hwaɗa miki, in kinka taka zauren ga, ban yarda ba."

Ta cire mayafi ta koma ɗaki. A ranar ya fita kasuwa yana faɗa wa duk mai kunne cewa ɗiyarsa ba ta bukatar ruwan kwalba, gadonta ya ishe ta. Wasu suka yi dariya, wasu suka ce Allah ya kyauta. Abin da ke gabansa kada labarinsa ya rushe, ya sa yarinya jingina.

Ba a daɗe ba Jamilatu ta tashi da zazzaɓi, tana kuka tana riƙe kai. Bara'atu ta ce asibiti. Ya taɓa goshin yarinyar, ya ce zafin nan alama ce sojoji sun fito aiki, a bar su. Ya hau Besfa ya tafi awo. Washegari wuya ya ƙi lanƙwasuwa. Bara'atu ba ta nemi izinin kowa ba, ta goya 'yarta cikin tsakar rana ta kama hanyar asibiti a ƙasa, ƙafa ba takalmi. Can ya same su, yana haki, hularsa a hannu, ba ya iya haɗa ido da kowa.

Yarinyar ta rayu. Ranar da aka sallamo su ya shigo gida da Besfa, ya tsaya a zaure ya danna ƙaho, yana jiran ta rugo. Tana zaune a tabarma, bayanta gare shi, tana wasa da murfin kwano. Ya sake dannawa. Ya kira sunanta, ya kira da ƙarfi har maƙwabta suka leƙo. Ba ta juyo ba. Cutar ta tafi da kunnuwan duka biyu. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho, in ji mutane, sai dai a gidan Na'Allah wanda ya ƙi ji daban, wadda ta biya daban. 'Yan kalmomin da ke bakinta suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, har ta koma magana da hannu.

Za ku zaci ya daina labarin. Ya ajiye shi na damina ɗaya, sannan ya dawo da shi da gyara: yarinyar dangin uwa ta biyo. Bara'atu ta ji wannan ma, kuma tun daga ranar ba ta sake yi masa dariya ba.

Jamilatu ta girma tana zuwa rumfar tana taya shi awo, kuma ta fi shi iya mudu nesa ba kusa ba. Masu maganar hannu kowa suna ba shi suna da wata alama tasa. Uwarta, takan shafi baya, wurin goyo. Mai unguwa, takan zana rawani. Wata rana wani baƙo ya zo bai tarar da Na'Allah ba, ya tambaye ta da hannu rumfar wa ce wannan. Na'Allah na dawowa daga masallaci, ya tsaya a bayan buhuna yana kallo. Sai ta naɗe hannun rigarta, ta dangwala yatsa a cikin gwiwar hannu, ta turo ƙirji gaba. Duk layin aka gane wanda take nufi. Ba izgili take yi ba, tun da ta daina ji abin da ta ga yana yi ke nan, kuma ba ta san shi da wani suna ba.