Malam Gershon Andrawus, Tafintan da Ya Tsaya a Tsakiyar Fassara

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Gershon Andrawus a shekarar 1957 a garin Kwoi, a gidan Andrawus manomin citta da matarsa Keziya. Shi ne na huɗu a ɗakinsu, matsayin da ba a cika tambayar mai shi ra'ayinsa ba. Ya shiga makarantar mishan a 1964, kuma a nan aka gano halinsa: idan aka ce ya tashi ya faɗi abin da ke ransa, sai ya koma ya zauna, amma idan aka ba shi maganar wani ya maimaita, sai muryarsa ta cika aji har ta fita ta taga. Malamansa suka kira wannan baiwa, domin maganarsu yake maimaitawa. Ya kammala kwalejin horon malamai a 1978.

Aiki da tafintanci

Ya fara koyarwa a Kafanchan a wannan shekarar. A 1981 wani baƙon mai wa'azi da ba ya jin Hausa ya zo ikilisiyarsu, tafinta kuma bai zo ba, sai aka tura Gershon gaba. Tun daga ranar ya kafa tsarin da bai sake ba: ya kafe ƙafafunsa, bai kalli mai wa'azi ba, ya zuba ido kan tsofaffin da ke bencin baya, kuma bai taɓa cewa "wataƙila" ba. Idan baƙo ya yi inda-inda, shi yakan miƙe zancen kafin ya kai kunnen jama'a. Masu wa'azi da dama sun koma gida da sunan hikimar da ba su zo da ita ba. A hankali jama'a suka daina auna baƙo, suka koma auna fuskar tafinta, har ya zama duk abin da ya bi ta bakin Malam Gershon an ɗauke shi tabbatacce.

Aure da ƙaure-ƙaure

Ya auri Lai'atu Francis, ma'aikaciyar jinya, a 1983. A 1986 ikilisiya ta zaɓe shi dattijo, muƙamin da ke wajabta wa mai shi hawa mumbari ya yi wa'azi da bakin kansa. Kafin zagayensa ya zo, ya nemi canjin wurin aiki zuwa Gidan Waya. A can ma aka zaɓe shi a 1993, sai ya gano cewa iskar Sabon Tasha ta fi dacewa da lafiyarsa. Haka iyalin suka yi ta ɗaure kaya suna kwancewa, yara suna canza makaranta, kujeru suna rasa ƙafafu a bayan mota. An ruwaito cewa a ƙaura ta uku Lai'atu ta zauna a kan katifar da aka naɗe ta ce, "Baban Bernice, kai mutum ne ko rediyo? Sai an kunna ka?"

Ritaya da daminar 2023

Ya yi ritaya a 2013, ya koma Kwoi ya karɓi gonar mahaifinsa, ya ci gaba da yi wa baƙi tafinta a majami'a da tarukan manoma. A daminar 2023 ciwon ruɓewa ya faɗa wa citta, ganye ya yi rawaya, saiwa ta narke a ƙasa. Wani ɗan kasuwa mai suna Leonard ya iso daga birni da jarkokin maganin feshi, ya fara ba Malam jarka guda kyauta, sannan ya kira taro. Manoma suka zo, da yawansu sun riga sun ɗaure awakinsu domin kai su kasuwa su sayi maganin, awakin kuwa su ne abin da ya rage tsakaninsu da yunwa.

Leonard ya yi jawabi da Turanci, Malam yana juyawa da muryar da aka sani, har baƙon ya kai inda ya ce malaminku ma ya gwada. Nan tafinta ya tsaya da fassara. Leonard ya maimaita, ya ƙara murya. Daga bisani Malam ya dubi bencin baya ya ce, "Ya ce na gwada. Gaskiya ne, na gwada. Cittana ya ruɓe duka. Kowa ya je ya kwance akuyansa." Wannan ne jawabin kansa na farko, yana da shekara sittin da shida.

Taron ya watse. Citta ta ci gaba da ruɓewa, domin ciwon bai halarci taron ba. Daga wannan rana baƙi masu kaya da masu neman ƙuri'a suka daina neman Malam, suka koma ga matasan tafintoci masu rahusar lamiri. Manoma kuwa suka mai da ƙofar gidansa wurin shawara. A 2024 ya karɓi muƙamin dattijo. Wa'azinsa gajere ne, muryar takan karye, amma ba a taɓa ganin mai gyangyaɗi ba.

Rasuwa

Ya rasu a watan Fabrairun 2025 a Kafanchan bayan gajeriyar jinya. An yi sujadar jana'iza a Kwoi, inda manoma suka yi ta tashi suna magana ba tare da an kira su ba, har fasto ya gaji da duban agogo. Wani tsoho mai suna Azariya ya ce, "Malam ya daɗe bai yi maganan kansa ba, amma da ya yi, ga awakina suna nan, har sun haihu." An binne shi a gefen gonarsa. Ya bar matarsa Lai'atu da 'ya'ya huɗu: Bernice, Levi, Doreen da Jason.